Santa Monica: Kwalejin da Ta Zama Tsanin Hawa Jami'a

A kan titin Pico, a birnin Santa Monica na jihar Kalifoniya, ba nisa da gaɓar tekun Pasifik, akwai wata kwaleji da aka kafa a 1929. Da safe shuɗayen motocin bas na birnin ke sauke ɗalibai a ƙofarta. Wani bai daɗe da gama sakandare ba, wata uwar 'ya'ya ce, wani kuma ma'aikaci ne da ya dawo ƙaro ilimi.

Irin wannan makaranta ita Amurkawa ke kira kwalejin al'umma. Karatunta shekara biyu ne, kuɗinta bai kai na jami'a ba, sharuɗɗan shiga kuma da sauƙi. Darussan da ake koyarwa, irin su Turanci, lissafi da kimiyya, su ne jami'a ke bayarwa a shekaru biyun farko. Wanda ya samu sakamako mai kyau sai ya nemi wucewa aji uku a jami'a. Sama da shekara 30 ke nan babu kwalejin da ta kai wannan tura ɗalibai Jami'ar Kalifoniya, musamman reshenta na UCLA da ke kusa.

Wanda ke son aiki da wuri kuwa zai iya koyon aikin jinya, akanta ko kwamfuta. Arnold Schwarzenegger, wanda ya zama gwamnan jihar a 2003, ya taɓa karatu a nan.

Ɗan'uwa ɗalibi, mu ma a Nijeriya mai takardar difloma ko NCE kan iya shiga aji biyu a jami'a kai tsaye. In gurbi ya kuɓuce maka bana, kada ka naɗe hannu. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.