Saye ko Haya: Abin da Tsaunin Chamrousse Ya Koya Mini

Duk wanda ya sauka birnin Grenoble, a kudu maso gabashin Faransa, ba inda zai juya bai ga dutse ba. Birnin a kwance yake cikin kwari, inda kogin Drac ya haɗu da kogin Isère, jerin tsaunuka uku kuma sun yi masa ƙawanya: Chartreuse ta arewa, Vercors ta yamma, Belledonne ta gabas. Aikin bincike na shekara biyu ne ya kai ni jami'ar birnin. Na isa a watan Satumba na tarar da duwatsun a bushe, amma kafin Nuwamba ya ƙare kawunansu sun yi fari fat, kamar dattawan da aka naɗa wa rawani.

Da hunturu ya kankama sai na ga garin ya sauya hali. Ranar Asabar tun da duku-duku mutane ke cika tashar bas, kowa da alluna biyu dogaye a kafaɗa, kamar manoman garinmu da fartanya ranar da aka yi ruwan shuka. Waɗannan alluna su ne siki. Mutum yakan sa wani takalmi mai tauri, ya maƙala shi a kansu, ya riƙe sanduna biyu, sannan ya gangaro daga kan tsauni yana zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ranar Litinin kuwa ba wata hira a wajen shan shayi sai ta inda dusar ta fi kyau. Da na gaji da zaman kurma cikin masu hira, sai wata Asabar na bi su.

Inda mutanen Grenoble suka fi zuwa shi ne Chamrousse, mai nisan kilomita kusan 30 daga birnin. A nan aka yi tseren gangara na wasannin Olamfik na hunturu a Fabrairun 1968, inda Jean-Claude Killy ɗan Faransa ya lashe lambobin zinariya uku. Ƙololuwar wurin ta kai kimanin mita 2,250, wato kaɗan ya rage ta kamo Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya. An rarraba hanyoyin gangarowa da launi huɗu: kore na 'yan koyo, shuɗi na waɗanda suka ɗan waye, ja na masu ƙwari, baƙi na gwanaye. Ni da digirina na uku da furfurata da ta fara leƙowa, a kore na fara, tsakiyar yara 'yan shekara huɗu da ke wuce ni kamar walƙiya. Malamin koyarwa, cikin jar rigarsa, ya yi ta fama da ni har na iya haɗa bakin allunan ta gaba in buɗe su ta baya domin in rage gudu. Kafin hunturun farko ya ƙare na koma shuɗi. A na biyu na fara taɓa ja, zuciya tana ɗar-ɗar. Na zama ɗan tsaka-tsaki ke nan: na wuce koyo, ban kai gwaninta ba.

A daidai wannan gaɓa ce sha'awar mallaka ta kama ni. Mu dai an raine mu a kan cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma magidancin da ya daɗe a gidan haya ya san irin kallon da dangi ke yi masa. Duk zuwan da zan yi sai na bi layi a shagon haya, a miƙo mini alluna masu tabon ƙafar wasu, da yamma in mayar kafin a rufe. Abokan aikina kuwa da saukarsu daga mota sai kan dutse. Ga shi yankin cibiyar sana'ar ne: kamfanin Rossignol, wanda ya fara a garin Voiron a 1907, har yau hedikwatarsa tana nan kusa. Da kaka kuma akan buɗe kasuwannin kayan siki na hannu, inda mutum zai ga alluna birjik a farashin da zai sa ya fara laluba aljihu.

Abin da ya fara taka mini birki shi ne lissafi. A shagon da nake zuwa, hayar alluna da sanduna ta yini ɗaya Yuro 25 ce. Sababbin da suka kwanta mini a rai, haɗe da maƙalansu, Yuro 450 aka yi mini kuɗinsu. Ke nan sai na yi yini 18 a kan dutse kafin kuɗina su dawo, alhali a hunturun farko gaba ɗaya yini 9 na samu, saboda aiki da kuma ranakun da hazo ko ƙarancin dusa ya hana fita. Kuma mallaka tana da nata haraji. Allon siki yana buƙatar a riƙa shafa masa wani kaki na musamman a ƙasa domin ya yi santsi, a wasa ƙarfen gefensa domin ya kama daskararriyar ƙanƙara, a toshe ramukan da duwatsu suka yi masa. Ga neman wurin ajiya a ɗaki ɗaya da nake haya. Duk wannan mai shago ne ke ɗauke wa ɗan haya.

Sai dai kuɗi ba su ne babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce siki ba iri ɗaya ba ne, kuma ɗan tsaka-tsaki bai san wanda ya dace da shi ba tukuna. Akwai batun faɗin tsakiyar allo, wanda ake aunawa da milimita: siriri mai 70 zuwa 80 ya fi kama hanyar da aka daddale da inji, mai faɗin da ya haura 100 kuwa an yi shi ne domin ya yi iyo a kan sabuwar dusa mai laushi. Akwai tsawo, wanda ga irinmu yakan tsaya tsakanin haɓa da tsakar ka. Akwai yanayin yankan gefen allo, wanda ke nuna ko zai riƙa juyawa a gajeren zagaye ko a dogo. Sannan akwai tauri: allo mai laushi yana yafe wa mai kuskure, mai tauri kuwa sai an danna shi da ƙarfi da gudu kafin ya yi biyayya. Wanda ke ci gaba kullum, allon da ya dace da shi a Disamba yana iya yi masa kaɗan a Maris. In ya sayi mai laushi zai wuce shi da wuri, in ya sayi mai tauri domin gaba, allon zai hana shi kai wa gaban.

Wannan duk na ji shi da kunne, amma sai da jikina ya gaya mini. Al'adar shagon haya ce kafin a ba ka alluna a tambaye ka nauyinka, da tsawonka, da shekarunka, a auna tafin takalminka, sannan a tambaye ka matsayinka a wasan. Da amsoshin nan ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi. In an sassauta shi da yawa zai sake ka kana tsakiyar gudu, in an ɗaure shi da yawa kuma ba zai sake ka ba lokacin da ka faɗi, sai allon ya murɗe ƙafa. Wata Asabar a Janairu, ina tare da wasu abokan aiki biyu da aka haifa a kan dutse, da aka zo tambaya ta ƙarshe sai girman kai ya rinjaye ni. Na ce na ƙware, na kuma nuna wasu alluna dogaye masu tauri irin waɗanda nake mafarkin saye. A kwana ta uku ta wata hanya ja, inda rana ba ta taɓa ba, allunan suka ƙi juyawa. Na faɗi, na dama bai sake ni da wuri ba, na ji gwiwata ta amsa. Allah Ya taƙaita, jijiya ba ta tsinke ba, amma mako uku na yi ina ɗingishi zuwa ofis. Laifin ba na mai shago ba ne, abin da na faɗa masa ya yi aiki da shi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji magabata, kuma ranar na ga ƙuƙumin da idona.

Da na warke na koma shagon na faɗa wa dattijon da ke gyaran alluna gaskiyar abin da ya faru. Bai yi mini dariya ba. Ya ce in har kuɗin suna ƙaiƙayi a aljihuna, to in bar alluna in sayi takalmi. Dalilinsa kuwa shi ne takalmi ke kai saƙon ƙafa zuwa ga allo. Takalmin haya ƙafafu da yawa sun shiga cikinsa, soson ciki ya kwanta, diddige yana rawa, don haka sai ka ba da umarni allon ya ji shi a makare. Naka kuwa da santimita za a auna tsawon ƙafarka da faɗinta, a ɗumama abin cikinsa ya ɗauki siffarta, kuma zai yi maka shekaru ko da ka sauya alluna sau goma. Ya ƙara da cewa lambar tauri da ake rubutawa a jikin takalmi ba ɗaya take ba tsakanin kamfanoni, saboda haka kada in sayi lamba, in sa a ƙafa in tsaya da shi rabin sa'a tukuna.

A daren na kira uwargida na zayyana mata lissafin. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam, in ka saye su, a Dala za ka riƙa hawa ko a Gwauron Dutse?" Tambayar ta ƙarasa abin da gwiwa ta fara. Saura mini wata bakwai in dawo gida, kamfanonin jirgi da yawa suna cajin kuɗi dabam a kan irin wannan dogon kaya, ga kuɗin makarantar yara na jira. Na sayi takalmi da hular kwano, na ci gaba da hayar alluna, amma da sabuwar niyya: duk zuwa sai na nemi wani iri dabam, in rubuta tsawonsa da faɗinsa da yadda na ji shi. Kafin dusa ta narke na gwada guda biyar, na kuma gano cewa wanda ya dace da ni ya fi wanda na so saye gajarta da santimita 10, ya fi shi laushi, kuma ko kusa bai kai shi kyan gani ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ba ina cewa saye kuskure ba ne. Wanda yake zaune a gindin dutse, yana samun yini 15 ko 20 a shekara, ya gwada iri-iri har ya san abin da ƙafarsa ke so, to ya saya, ko da na hannu ne, muddin masani ya duba masa maƙalan. Amma ɗalibanmu da malamanmu da karatu ke kai wa ƙasashen sanyi na shekara ɗaya ko biyu, shawarata gare su ita ce su shiga wasan kada su tsaya kallo, su fara kashe kuɗi a kan malami, sannan takalmi, su bar alluna a hannun mai haya. In kuma an tambaye su matsayinsu, su faɗi gaskiya ko da abokai na saurare.

Ranar ƙarshe da na hau ƙololuwar Chamrousse, gajimare ya rufe kwarin Grenoble ruf, ganuwar Vercors kaɗai ta leƙo daga can nesa. Na gangaro hanya ja tun daga sama har ƙasa ban faɗi ba, a kan allunan da ba nawa ba, na mayar wa dattijon kayansa muka yi sallama. Takalmin yana nan a ɗakin karatuna a Kano, ƙurar hunturunmu tana sauka a kansa. Duk ɗalibin da ya shigo ya tambaye ni na mene ne, nakan ce ya ja kujera, domin labarin yana da ɗan tsawo.