Giginya a Miyami: Yini Guda Tare da Masu Ƙaunar Dangin Dabino

A kudancin birnin Miyami da ke jihar Filorida akwai wata tsohuwar hanya mai suna Old Cutler, wadda manyan itatuwa suka yi wa rumfa har rana ba ta taɓa kwalta a wasu wuraren. A kan wannan hanya akwai lambuna biyu da ba su da nisa da juna, Fairchild da Montgomery, kuma duk wanda ya san harkar dangin dabino a duniya ya san sunansu. Can na wuni wata Asabar tare da mutum 23, yawancinsu dattawa masu cin fansho, kowa da malfa da gorar ruwa da ɗan littafin rubutu.

Na ce "dangin dabino" ne don Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta tattara su. Muna da dabino, da giginya, da goruba, da kwakwar manja, da kwakwar attagara, da tukurwa, kowacce da sunanta da aikinta, kuma ba wanda zai ce maka goruba 'yar uwar dabino ce sai ka matsa masa. Masana kuwa gida ɗaya suka sa su, gidan da ke da iri fiye da 2,500. Abin mamaki, Afirka duk girmanta irin da take da su ba su kai 70 ba, alhali tsibirin Madagaska shi kaɗai yana da wajen 200. Mu kaɗan muka samu, sai muka mori kaɗan ɗin har ƙarshe: azara, tabarma, faifai, igiya, muruci, manja.

Mutanen da na bi ba ruwansu da moriya, kallo ne ya kawo su. Tun 1956 aka kafa ƙungiyar masu sha'awar waɗannan itatuwa ta duniya, a nan Filorida, kuma ƙananan ƙungiyoyi irin tamu sukan shirya zagaye sau da yawa a shekara. Ka'idar zagayen ɗaya ce: tsohon lambu ake zuwa. Ɗan dashe a tukunya kowa na iya saya, amma bishiyar da ta shekara 60 a ƙasa ba a sayen ta, sai dai a je inda take.

Mun fara da Fairchild, wanda aka buɗe a 1938 a kan fili mai eka 83. Wanda ya kafa shi, Robert Montgomery, akanta ne kuma lauya, ya tara dukiya ya zuba ta a itatuwa. Sai ya sa wa lambun sunan abokinsa David Fairchild, ma'aikacin hukumar gona ta Amurka da ya yi shekaru yana yawon duniya yana kawo wa ƙasarsa irin mangwaro da dabino da sauran abubuwan shuka. Ƙasar wurin ba ƙasar kirki ba ce. Taƙi ɗaya za ka haƙa ka tarar da farin dutse, don haka ramin dashe ma sai an fasa shi da inji. Abin da Miyami ke da shi shi ne ɗumi da ruwan sama, da kuma mutanen da suka nace.

Wurin da ya fi tsayar da mu shi ne inda itatuwan Kuba suke. Akwai wadda ake kira da sunan masanin tsirrai Bailey, gangar jikinta fari tas, santsi, kai ka ce ginshiƙin siminti ne aka zuba. Sai da na ƙwanƙwasa ta da hannu. Kusa da ita wata ce da busassun ganyenta ba sa faɗuwa, suna taruwa a jikinta har ƙasa kamar mace ta ɗaura zani uku. Ga kuma wata gajera da jikinta duk gashi ne mai kama da furfura, suna ce mata tsoho. Duk ukun ba sa sauri, kuma a nan aka fara gardama: wannan ya ce tasa ta shekara 15 ba ta kai ƙugunsa ba, wancan ya ce ai taki ne bai iya ba. Gardamar masu lambu da ta masu kiwon tattabaru a gida ba su da maraba.

A cikinmu akwai wata dattijuwa haifaffiyar Kuba da aka kawo Miyami tana yarinya. Ita ba ta shiga gardamar ba. Ta tsaya gindin wata doguwar bishiya da ake kira ta sarauta, wadda ke cikin tambarin ƙasarsu, ta ce a ƙauyen kakanta da allon jikinta ake yin bangon ɗaki, 'ya'yanta kuma a ba aladu. Ta ce ita sai a Miyami ta ga ana shuka ta don ado a bakin titi. Na fahimce ta sarai.

Mai yi mana jagora ya nuna mana wata ƙatuwa 'yar asalin Indiya da Siri Lanka, mai suna talifot, wadda ganyenta ɗaya zai yi wa mutum goma laima. Tana yin shekara 30 zuwa 80 tana tara ƙarfi, sai ta yi fure sau ɗaya tak, furen da tsayinsa kan kai mita 6 ko fiye, ta zubar da 'ya'ya, ta mutu. Dalilin yana cikin halittar dangin gaba ɗaya. Mafi yawansu ido ɗaya gare su a can ƙoli, daga nan kowane sabon ganye ke fitowa, kuma idan idon nan ya zama fure ko ya lalace, to shi ke nan. Ba sa yin ƙiba shekara-shekara kamar kuka ko ɗorawa. A wajen masana ma sun fi kusa da dawa da gero. Tsaga karan dawa ka duba: waje tauri, ciki laushi. Haka giginya take, shi ya sa magina ke fitar da azara daga gefen gangar su bar tsakiyar, kuma shi ya sa gara ke shan wahalar ta.

Wannan ido ɗaya shi ne kuma rauninsu. A shekarun 1970 wata cuta da ke mayar da ganye rawaya ta kashe kwakwar attagara masu ɗimbin yawa a kudancin Filorida, wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye ne ke yaɗa ta. 'Yan uwanmu na Gana sun san danginta, don irinta ce ta cinye gonakin kwakwa a yankin Keta. Sai kuma guguwar Andrew da ta afka wa yankin ranar 24 ga Agustan 1992 ta kwantar da itatuwan lambun da yawa. An tayar da waɗanda za su tasu aka tokare su, wasu har yau a karkace suke. Dattawan tafiyarmu da guguwar suke lissafin shekarun bishiya: wannan ta ga Andrew, waccan bayanta aka dasa.

Da hantsi muka wuce Montgomery, tsohon gidan shi Robert Montgomery ɗin, wanda matarsa Nell ta mayar cibiyar bincike a 1959 bayan rasuwarsa. Eka 120 ne, kuma ba a shiga haka kawai sai da alƙawari, wannan ma na cikin amfanin bin ƙungiya. Nan ba a damu da burge baƙo ba. Irin da suke shukawa daga daji ake ɗebo shi, a rubuta ƙasar da wurin da uwar da ya fito, kuma ba ƙwaya ɗaya ake dasawa ba sai a jera da yawa daga iyaye daban-daban, don kada gadon jinin ya ƙuntata. A ganina wannan ya fi Fairchild nauyi, ko da yake bai kai shi kyan hoto ba.

A nan aka yi mana zancen wata 'yar Haiti, Attalea crassispatha, wadda da aka ƙirga ta a 1991 bishiya 25 kacal aka samu a dajin kudu maso yammacin ƙasar. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Gonaki sun ci dajin, dabbobi na cin ƙananan, yara kuma na son ƙwayar don tana da daɗi kamar kwakwa. Ina jin haka sai muruci ya faɗo mini. Muruci ai jaririyar giginya ce. Duk wanda ka saya a tasha ka ɓare, giginya ce da ba za ta tashi ba. Inda aka binne ƙwallon musamman don muruci, noma ne, babu laifi. Inda ake tsince duk abin da ya faɗo, ga kuma mai gatari na jiran manyan, nan ne za ka ga kurmi duk tsofaffi babu na baya. Na ga haka da idona a garuruwan da na taso tsakanin Kamba da Gaya, yankin da kurmin giginyar Dallol Mauri yake, wanda shi ne abin alfaharin Nijar a wannan fanni.

Bayan la'asar muka nufi kudu, yankin gonaki da ake kira Redland kusa da Homestead, gidan wani dattijo ɗan ƙungiyar da ya haura 80. Ya fara shuka filinsa tun yana saurayi, yanzu gidan ma ba a hango shi daga titi. Ya zagaya da mu a hankali yana dogara sanda, yana kiran kowace bishiya da sunanta na Latin da shekarar da ya sa ta a ƙasa. Muna karya wata kwana sai ga ta: doguwa, toka-toka, da kumburin nan a sama da tsakiya. Ba sai an gaya mini ba.

Na ce masa a garinmu giginya muke ce mata. Ya sa na maimaita har sau uku ya rubuta a littafinsa. Nan take jama'a suka kewaye ni, na koma mai jagora. Na gaya musu yadda ake jera azara a rufa soron ƙasa, na ce a Sakkwato filin da aka gwabza da Turawa a 1903 sunansa Giginya, a Kano kuma akwai unguwar Giginyu. Na kawo musu karin maganar inuwar giginya da na nesa ke sha, na ce da ita muke zolayar mai yi wa bare alheri ya bar na gida. Sai duk suka ɗaga kai, suka kuma duba ƙasa inda inuwar ta faɗa, can cikin filin maƙwabci. Dariyar da aka yi ba a magana.

Goruba ma yana da ita, ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Wannan rabuwa da mu ba ma ko kallo ita ce ke sa su ɗaukar hoto, don a duk dangin kaɗan ne ke yin reshe haka. Da na ce a wajenmu sau da yawa goruba ba ta samun tashi, saboda tun tana kaba ake yanke ta a yi tabarma, wata mata ta dafe ƙirji. Na ce mata tabarmar ce ke biyan kuɗin makarantar wasu. Ban ga dalilin jin kunyar wannan ba. Wanda ke kallon bishiya da cikakken ciki da wanda ke ci daga jikinta ba za su yi mata lissafi ɗaya ba, kuma masu kabar sun san goruba ta wata fuskar da littattafan ƙungiyarmu ba su kai ba.

Wani ya tambaye ni ko zan zo musu da ƙwallon giginya idan na je gida. Na ce sai dai ta hanyar takarda. Wannan kuma jan kunne ne ga masu cusa goruba da muruci a akwati: duk wani iri ko ɗanyen tsiro da za a shigo da shi Amurka sai an bayyana shi ga jami'an filin jirgi, na shukawa kuma yana buƙatar takardun hukumar gona. Wanda ya san ɓarnar da ƙwaro ɗaya ya yi wa kwakwar Filorida ba zai ga tsananin dokar ba.

Sai da muka zauna shan ruwa dattijon ya faɗi dalilin da ya sa ya gayyace mu bana. Gwiwoyinsa sun gaza, 'ya'yansa na wasu jihohi, ba mai sha'awar lambu a cikinsu, kuma masu gina rukunin gidaje sun matso har bakin layinsu. Zai sayar. Ya ce ya san mai saye da katafila zai fara. Abin da yake so shi ne 'yan ƙungiya su kwashe abin da zai kwasu kafin a sa hannu.

A nan ilimin da ake ta baje-kolinsa tun safe ya yi rana. Wasu irin suna jure ciro: a rage ganye, a haƙa kewaye, a ɗaga da inji, su kama a sabon wuri. Giginya da goruba ba sa son a taɓa su. Tun daga tsirowa ƙwallon ke tura kansa can cikin ƙasa kafin ganye ya leƙo, wato murucin nan, shi ya sa masu lambu ke binne shi a inda za a bar shi har abada. Balle wadda ta yi wannan tsayi da nauyi. Ga shi kuma giginya akwai mace akwai namiji, tasa mace ce ita kaɗai, babu namiji kusa, don haka ba ta taɓa ba shi ƙwallon da zai tsira ba. Wani daga cikinmu ya ce ya san lambun da ke da namiji, zai nemo garin furensa idan lokaci ya yi, a hau da tsanin inji a shafa mata, ko a dace kafin cinikin ya faɗa. Dattijon ya ce a gwada.

Ya miƙo ƙyallaye ja, aka bi lambun ana ɗaura wa duk wadda wani ya ɗauki nauyin ciro ta, ana rubuta suna. Dattijuwar Kuba ta ɗauki tsohon nan mai furfura, don gajere ne zai shiga bayan gidanta. Ni ɗaki ɗaya nake haya a bene na uku, ban ɗaura ko ɗaya ba. Kafin magariba an ɗaura 31. Giginya da goruba ba su samu ba.