Uwar Da Ake Mayarwa Teku

A gaɓar tekun Ireland, idan masunci ya ɗago tarkonsa ya tarar da macen lobsta ɗauke da ƙwai, sau da yawa ba kasuwa yake kai ta ba. Yakan yi mata tsaga mai siffar harafin V a gefen jela, ya mayar da ita ruwa. Daga ranar doka ta haramta wa kowa sayar da ita muddin tsagar tana nan, kuma takan ɗauki shekaru kafin ta shafe.

Lobstan Turai babban ɗan'uwan jatan lande ne, mai hannaye biyu kamar awartaki. Shuɗi ne mai duhu yana raye, sai an dafa shi yake komawa ja. Yana zaune a ramukan duwatsun ƙarƙashin teku, tun daga arewacin Norway har Maroko da Bahar Rum, kuma tsadarsa ta sa ƙananan masunta da yawa sun dogara da shi.

Sai dai halitta ce mai jinkirin girma. Mace takan riƙe dubban ƙwai a ƙarƙashin jelarta wata 9 ko fiye. Idan suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan sukan yi 'yan makonni suna yawo a saman ruwa, inda kifaye ke cinye mafi yawansu. Waɗanda suka tsira sai su sauka ƙasan teku su ɓace wa idon mutum. Masu bincike sun daɗe suna neman su a wannan mataki, da ƙyar ake dacewa da su. Ba a sake haɗuwa da su sai sun tasa, ga shi kuma sai lobsta ya shekara 5 zuwa 7 kafin ya isa kamu. Ko shekarunsa ma da wuya a tantance, domin saɓa yake yi kamar maciji, duk wata shaidar da ke jikin ɓawon ta tafi da shi.

Makiyayi ya san yawan maruƙansa tun kafin su girma. Hukumar kamun kifi ba ta da wannan gata: idan haihuwa ta ragu bana, sai bayan shekaru tarkuna za su ba da labari, lokacin da aikin gama ya gama. Shi ya sa kusan dukkan dokokin suka karkata ga kare uwa.

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ta ƙanƙanta. A yawancin ruwan Tarayyar Turai ba a sauke lobstan da ɓawon bayansa bai kai milimita 87 ba. Amma ita kaɗai ba ta wadatar, domin tana barin a kwashe manya, alhali babbar mace ta ninka ƙarama yawan ƙwai. Ireland ta gane haka, ta sa iyaka ta sama, milimita 127, a 2015. Ingila kuwa sai a 2017 ta hana sauke mai ɗauke da ƙwai, abin da ya kamata a ce an yi tun da daɗewa.

Norway ce ta fi ɗanɗana kuɗarta. Har zuwa farkon shekarun 1960 tana kama ɗaruruwan tan a shekara, daga baya abin ya faɗi ƙasa da tan 100. A 2006 ta keɓe wasu ƙananan wurare a gaɓar Skagerrak ta hana kamun lobsta a cikinsu (wanda ya san yadda ake tsare Matan Fada a Argungu har ranar biki ba zai ji dabarar baƙuwa ba). Cikin 'yan shekaru lobsta suka ƙaru a wuraren, suka kuma fi girma.

Wani bincike da aka buga a 2012 ya tono wata ɓaraka dabam. A wani yanki na kudancin ƙasar, abin da ake kamawa a zahiri ya ninka alƙaluman hukuma kusan sau 14, kuma masu kamu don nishaɗi ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Tun daga 2017, duk mai son dasa tarkon lobsta a Norway, ko na miyar gidansa ne, sai ya fara yin rajista.