Lissafin jabel a rijiyar Dumega

A Yamai, masu kula da tafkin wanka na otel da salula suke lissafin kulor. Mu a Dumega rijiyoyi gare mu, kuma ruwan Dallol Mauri ba shi da zurfi, ƙazanta ba ta wuyar kai gare shi, balle da damina. Wanda ya ga kwalarar 2021 ya san abin da nake nufi.

Na gwada lissafin bisa rijiyar siminti mai faɗin mita 1,80, ruwa mita 2: kusan lita 5.000 ke nan. In an sa miligiram 2 a kowace lita, giram 10 na kulor ake bukata, wato kimanin giram 15 na garin HTH. Kafin a ja guga salula ta ba da amsa.

Sai dai ba ta ganin ruwan. Laka tana cinye kulor, jabel da ya sha rana a kasuwa ƙarfinsa ya ragu, igiya kuma kullum tana maido da datti. Shi ya sa na fi amincewa da bidon lita 20 a gida: a tace, a sa magani, a rufe, a jira minti 30.