Ki Zama Duba-Garin Gidanki

'Yar'uwa, in kin ratsa Gyadi-Gyadi zuwa Ƙauyen Alu a Tarauni, ki lura da gidajen wanka da bahaya na bakin hanya. Ga buta, ga ruwa, amma gurgu da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ina za su dafa?

A zamanin En'e duba-gari kan bi gida-gida, ya leƙa randa da salga. A Japan kuwa tun 1980 akwai makewayi mai yi wa mutum tsarki, yau ma'aikaci na iya rubuta ranar duba shi a waya.

Ke ma kowace Juma'a ki duba murfin masai da sabulu da madafa, 'yarki ta rubuta. Amai da gudawa ba ya sallama.