Zuwa ga Ummi, kan Wasanki na Gasa

Ummi 'yata,

Takardar wasanki na gasar ces ta iso, na jera 'ya'yan a kan allo na bi ta taku-taku. Wai daga yau kin bar buɗe wasa da d4 da c4, don su suka jawo aka cinye ki. Haba Ummi! Har taku na 8 ban ga abin gyara ba. A na 9 ne kika hango soja a b7 ba mai gadi, kika aika sarauniya ta ɗauko shi. Kafin ki samu ki dawo da ita, abokiyar karawarki ta fito da dawakinta, sarkinki kuwa yana tsaye a tsakiya. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Ki nemi wasa na 6 tsakanin Bobby Fischer na Amurka da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, a Reykjavik, 1972. An san Fischer da fara wasa da e4, amma ran nan c4 ya tura, wasan ya rikiɗe ya zama irin buɗewar da kike son yarwa.

Na san bakinki, za ki ce ai shi ma da wuri ya fito da sarauniya, a4 sannan a3. Gaskiya ne, amma aiki ya ba ta. Dubi taku na 18: ya ajiye doki a d4, a bakin sojan c5. Sojan bai isa ya ci ba, domin yana gusawa sarauniyar a3 za ta ɗauke ta Spassky a e7. Sai dokin ya ci bishof a e6, aka rama, Fischer ya tura e4 a taku na 20. Spassky ya amsa da d4, ya bar gidan c4 fayau, bishof ɗin Fischer ya zo ya zauna yana hararar e6. A taku na 41 Spassky ya sallama, har ya taya 'yan kallo tafi.

Kada ki tambayi kwamfuta tukuna. Ki rubuto mini da hannunki abin da ya kamata ki taka a na 9, da dalilinki. Mamanki tana gaishe ki.

Naki,
Baba