Magogin Kaka

Babbar Sallar bara na je gida Bafarawa. Bayan an soya naman layya, na zaɓi tsoka mai laushi na kai wa Kaka ɗakinta. Ta jefa a baki, ta yi ta juya ta da harshe, daga bisani ta gaji ta haɗiye ta ɗungurungum. Nan take ta ƙware. Idanunta suka firfito, tari ya sarƙe ta, ƙanwata na bubbuga mata baya. Da numfashi ya dawo sai ta dube ni ta ce, "Mijina, so kake ka kashe ni ka auri yarinya?" Kowa ya yi dariya ban da ni.

Ranar na lura da abin da na daɗe ina gani ban kula ba. Zobenta ya yi mata yawa. Ta bar tuwon dawa sai kunu da fura. Goron da take ƙauna ma sai ta goge shi da magogi. Haƙori uku suka rage mata, duk a sama.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma mun saba da cewa duk abin da ya lalace akwai gyaransa. Na koma Kano na duƙufa bincike. Baligi yana da haƙora 32, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ɗaukar 20 a matsayin adadin da baki ke buƙata ya yi aiki yadda ya kamata. Ashe haɗiya daga tauna take farawa: turame su niƙa abinci, miyau ya jiƙa shi, harshe ya dunƙule shi ya tura maƙogwaro. In ba a niƙa ba, gutsure na iya bin hanyar iska, ya shaƙe mutum ko ya jawo ciwon huhu. Shi ya sa tsoho ke gudun nama, daga nan rama ta biyo.

Muka fara da haƙoran roba. Na sama suka zauna, na ƙasa kuwa da ta fara tauna sai su zame. Bayan mako biyu ta ajiye su cikin kwanon sha.

Wani likitan haƙori a Sakkwato ya ɗauki hoton muƙamuƙinta, ya nuna mini yadda ƙashin ya zaizaye, domin ƙashin da ba haƙori a kansa raguwa yake yi. Ya ce mafita dashe ne: a kafa ƙusoshi biyu na titaniyam a ƙashin ƙasa, a jira watanni ƙashi ya kama su, sannan a maƙala haƙoran a kai. Wani likita ɗan Suwidin, Branemark, shi ya fara yi wa mutum wannan aiki a 1965. Amma sai an daidaita suganta tukuna, in ba haka ba ciwon ba zai warke da wuri ba.

Kuɗin ya cinye abin da nake tarawa don sayen fili, amma ba shi ne babbar matsalar ba. Aikin na buƙatar zuwa asibiti sau da yawa, hanyar Isa zuwa Sakkwato kuwa 'yan bindiga sun mayar da ita abin fargaba. Dole ta zauna gidan kawuna a birni har a gama.

"Mi za a yi da ƙarhe cikin bakin tsohuwa?" ta tambaye ni. "Kwana nawa ya rage min?"

Na ce, "Kaka, ko nawa ne, ki ci nama a cikinsu."

Wata biyar ta yi a Sakkwato. A cikinsu aminiyarta ta rasu, ba ta samu zuwa gaisuwa ba. Har yau in na tuna sai in tambayi kaina ko don ita na yi, ko don in kwantar da hankalina.

Tauna ta dawo. Tana cin tuwo da nama in an dafa shi ya yi laushi, kumatunta sun ciko. Amma har yanzu takan ƙware da ruwa. Likita ya ce wannan ba aikin haƙori ba ne, tsufa ne ya raunana naman maƙogwaro: ta zauna sosai in za ta ci, ta kurɓa kaɗan-kaɗan, kunu ya yi kauri, kada ta kwanta da zarar ta gama. Ga kuma wanke dashen kullum, wanda ƙanwata ta ɗauki nauyinsa.

Da na mayar da ita gida, na miƙa mata farin goro. Ta ɓare shi, ta ciji gefe ɗaya a hankali, na ji ƙarar daga inda nake zaune. Na ce to sai a jefar da magogi. Ta harare ni, ta tura shi ƙarƙashin tabarma.

"Bar min abina," in ji ta. "Maƙwabciyata ba ta da jika mai kwamhuta."